Nailon daga laisin ɗin kaji da farin magi: shin zai ruɓe a bola da gulbi?

Mai Kaji, Jega:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin kimiyya a cikinmu. Jiya ina haɗa abincin kaji, ƙanena da ke karatu a jami'ar Aliero ya tsaya yana karanta rubutun jikin buhun laisin, garin nan da muke barbaɗa kaɗan cikin masara da waken suya. Sai ya ce wai a ƙasar Sin da wannan garin ake yin nailon yanzu. Na ce yaro, zafin rana ne ko me? Ya rantse. To in da gaske ne, ai kakarmu ta yanke saƙa. Ledar da aka yi da abin da kaza ke ci, in aka yar da ita ruɓewa za ta yi, in akuya ta ci ta narke a cikinta. Me ya hana a kawo mana irinta nan Kabi?

Ɗan Fawa, Kamba:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa haka ne. Satin da ya wuce na yanka wata saniya, kyakkyawa a ido amma ƙugu ya fito. Da na farke tumbin, abin da na ciro ya cika bokitin fenti: ledar fiya wata, baƙar leda, guntun igiya, har da hancin silifa, duk sun cure sun zama dunƙule ɗaya kamar an yi kitso. Mai ita ya ce wata uku tana cin abinci ba ta ƙiba, ya yi ta sayen maganin tsutsa a banza. Duk mahauci ya san wannan.

Bakatsine a Kabi:
Kabawa ke nan. Jiya kun ce shinkafarku ta ciyar da Legas, yau kuma za ku yi leda da abincin kaji.

Mai Kaji, Jega:
Kai dai ci gaba da cin shinkafar tamu kana surutu.

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum. Malam Mai Kaji, ƙanenka ya yi gaskiya, amma kai ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Kama da wane ba ta wane.

Abin da 'yan kudu ke kira nailon, mu mu ce leda, ba nailon ba ne ko kaɗan. Sunansa foliyetilin, sinadaran kabon (irin na gawayi) da haidurojin ne zalla. Nailon na gaskiya shi ne zaren komar masunta, da zaren fatsa, da gashin buroshin haƙori, da zaren da ke cikin tayar mota. Buhun shinkafa ma ba shi ba ne, gidan sauro ma yawanci ba shi ba ne. Kowa zai iya gwadawa a gida: yanki guntun leda da guntun zaren koma, ka jiƙa su sosai ka saka cikin kofin ruwa. Leda za ta taso, nailon zai nutse, don ya fi ruwa nauyi. In ka kusanta su da wuta kuma, leda warin kyandir take yi, nailon warinsa daban ne.

Saboda haka ko gobe duk nailon ɗin duniya ya koma na laisin, saniyar Ɗan Fawa tana nan da ledarta a tumbi.

Ɗan Fawa, Kamba:
Kash. Malama kin kashe mana daɗin.

Mai Kaji, Jega:
To Malama, ya aka yi garin kaji ya zama zare? Nan ne kaina ya ɗaure.

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:
Bari in bi a hankali, ku yi haƙuri da tsawo.

Naman jikinmu, gashin kanmu, ulun tumaki, siliki, duk furotin ne. Furotin kuwa sarƙa ce, kamar carbi, kowace ƙwayar carbin ita ce amino asid. Iri 20 ne ke gina furotin, laisin ɗaya ce daga ciki. Masara ba ta da ita da yawa, shi ya sa kake ƙara wa kajinka. Kowace amino asid tana da hannu biyu, ɗaya mai naitirojin, ɗaya mai tsami, hannun wannan ya kama na waccan, a haka sarƙar ke tafiya.

Abin da Wallace Carothers ya yi a kamfanin DuPont na Amurka a 1935 shi ne ya ƙulla irin wannan ƙullin da sinadaran da ba daga jikin mai rai suka fito ba. Ya samu zare mai ƙarfi mai sheƙi irin na siliki. A 1938 aka fara sa shi a buroshin haƙori, a 1940 safar mata ta shiga kasuwa, da yaƙi ya zo aka juya shi ga lemar saukar sojoji da igiyoyi. A 1938 ɗin kuma wani Bajamushe, Paul Schlack, ya fito da nasa irin. Na Carothers ana ce masa nailon 6,6 don sinadarai biyu ake haɗawa, kowanne da kabon 6. Na Schlack nailon 6, sinadari ɗaya ne mai kabon 6. Lambobin nan ƙidayar kabon ce kawai. Dukansu yau daga man fetur da kwal ake samo kayan haɗinsu.

To ita laisin kabon 6 gare ta. Akwai wani sinadari da wasu ƙwayoyin bakteriya ke da shi, yana guntule mata kabon ɗaya, ya bar 5 da hannun naitirojin a kowane gefe. Wannan abin da ya rage sunansa kadabarin. In ka haɗa shi da asid mai kabon 6, ka samu nailon 5,6. Shi ne abin da ƙanenka yake nufi. Kamfanin Cathay na ƙasar Sin yana yin sa a masana'antarsa ta yankin Shinjiyan, daga masara. A Japan ma, tun 2012 kamfanonin Toray da Ajinomoto suka sanar da haɗa kai kan wannan aikin.

Uwar Biyu, Zuru:
Tsaya Malama. Ajinomoto dai na farin magi? Wanda ake cewa ana wanke tukunya da shi?

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:
Shi fa, Yaya. Farin magi ma amino asid ce, sunanta gulutamet. Wani malamin jami'a a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa ita ke ba romo ɗanɗanonsa. A 1956 Japanawa suka gano wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasa, Corynebacterium glutamicum, wadda in ka ba ta sukari sai ta yi ta fitar da gulutamet. Daga baya aka sarrafa ta ta koma fitar da laisin. Yau a manyan tankuna ake kiwon ta, a ba ta sukarin masara ko na rake ko na rogo, laisin da ake samu a duniya ya haura tan miliyan 2 a shekara, kusan duk na kaji da aladu ne.

Kuma Yaya, ɗanɗanon daddawarki ma gulutamet ɗin ne. Ƙwayoyin da ke dafa kalwa bayan kin rufe ta su ke farfasa furotin su sako ta.

Uwar Biyu, Zuru:
A'a Malama, kar ki haɗa daddawata da farin magi, mu rabu lafiya.

Ƙanen Mai Kaji:
Salamu alaikum iyayena da yayyena, Yaya ne ya sa ni cikin zauren. Malama ta ɓoye muku abu ɗaya. Sunan kadabarin daga kalmar gawa ya samo asali. Wani likita a Jamus, Ludwig Brieger, shi ya bayyana shi a 1885, daga ruɓaɓɓen nama. Yana cikin abin da ke ba mushe warinsa.

Bakatsine a Kabi:
Innalillahi. Wato rigar warin mushe za a ɗinka mana.

Ƙanen Mai Kaji:
A'a Kawu, da zarar ya shiga sarƙa ba shi da sauran wari. Kuma ba daga mushe ake ɗebo shi ba, daga masara ne. Ai gishirin miya ma, in aka raba shi biyu, ɗaya ƙarfe ne mai kamawa da wuta a ruwa, ɗaya iska ce mai kisa.

Alaramma, Gwandu:
Tunda asalinsa masara ne ba mushe ba, ban ga abin tada hankali ba. Ku ci gaba, muna ƙaruwa.

Baba Mai Homa, Argungu:
Ɗiyana ka rubuta min, ni nika faɗi. Na ji an ambaci koma, shi ya sa na sa baki. Mu munka ga zamanin zaren kaɗa da na rama. Tsohona in ya dawo daga gulbi, kahin shi ci tuwo sai ya shanya koma bisa itace, in ya yi sakaci kwana biyu ta yi baƙi ta fara tsinkewa a hannu. Rabin rayuwatai ɗinkin koma na. Da zaren roba ya zo munka ce Allah ya kawo sauƙi, ka jiƙa shi shekara ba ya ruɓa, kihi kuma ba ya ganin shi cikin ruwa.

Amma wanga rashin ruɓa shi na ciwon yanzu. Raga ta maƙale ga kututture ƙarƙashin ruwa, ka ja ka ja ta tsinke, ka bar ta nan. Ita ba ta san ka tahi gida ba, kamu takai. Bara da ruwa ya janye na ciro wata tsohuwa, na iske ƙasusuwan kurungu da na tarwaɗa cikinta, da kunkuru guda ya bushe, ga wani ƙaramin balli da rai shina motsi. Kihin ga ba mu ci ba, ba mu saida ba, bai haihu ba. Malama, wanga sabon zare na masara, in ya ɓace cikin gulbi shina ruɓewa ko kuwa?

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ita ce maganar gaba ɗaya, kuma amsar ba mai daɗi ba ce. Ba ya ruɓewa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abu ba sa tambayar daga ina ka fito, siffar sarƙar suke dubawa, ko bakinsu zai iya kama ta. Nailon 5,6 na masara zai zauna a gindin kututturen nan kamar ɗan'uwansa na fetur. Ana iya yin nailon 6 ma daga laisin ko daga sukari, kuma in aka yi shi babu mai iya bambanta shi da na fetur a ruwa ko a ƙasa, abu ɗaya ne sak.

Ribar na shuka a wani wuri take: ba a haƙo sabon kabon daga ƙarƙashin ƙasa ba. Ko nan ma da sauran magana. A nailon 5,6, kabon 5 ne na masara, 6 ɗin yawanci na fetur ne, wato ƙasa da rabi ke nan. Kuma wannan asid mai kabon 6, wajen yin sa ana fitar da wata iska, naitiros oksaid, wadda ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya kusan ninki 270, sai masana'antar da ta sa na'urar kashe ta.

Akwai guda ɗaya da ke ruɓewa da gaske, nailon 4, kuma daga gulutamet ɗin farin magi ake iya yin sa. Masu bincike a Japan sun nuna yana ruɓewa a ƙasa da cikin ruwan teku. Matsalarsa, zafin da yake narkewa a kai ya yi kusa da zafin da yake lalacewa, ga shi sai an narkar da abu kafin a ja shi ya zama zare. Shi ya sa ba ka ganin sa a kasuwa.

Baba Mai Homa, Argungu:
To in sun gyara shi, wa ka gaya mishi lokacin ruɓewa? Ni ina son shi ƙi ruɓa in shina hannuna, shi ruɓe in ya ɓace. Zare bai da hankali.

Ƙanen Mai Kaji:
Baba, a ƙasar Nowe an gwada raga mai ruɓewa, ba ta nailon ba, ta wata roba daban, wajen masu kamun kifin teku. Kamun ya ragu in an kwatanta da ta nailon, kuma tana ƙara rauni da amfani. Abin da ka faɗa shi suka tarar.

Baba Mai Homa, Argungu:
Da sun tambaye ni da na rage musu kuɗin mai.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Gusau:
Ina karantawa tun ɗazu ban ce komai ba. Ni abin da ke ba ni haushi da irin wannan hira shi ne mu yi ta lissafin abin da ake yi a Sin. Na yi aikin masaƙa a Gusau lokacin da jiniya ke tashin gari, motocin auduga na layi a bakin injinan gurza. Auduga a gonarmu take, ba sai an kira wata bakteriya ba, kuma zarenta yana ruɓewa yadda Baba ke so. Duk da haka masaƙun Gusau da Kaduna da Kano suka durƙushe, saboda wuta da baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri. Wanda ya kasa riƙe injin kaɗi, shi zai riƙe tankin da dole zafinsa ya tsaya wuri ɗaya dare da rana, a yi ta hura masa iska, in wuta ta ɗauke awa biyu duk abin da ke ciki ya lalace? Laisin ɗin da ke hannun Mai Kaji ma, a duba buhun, ba a nan aka yi shi ba.

Mai Kaji, Jega:
Gaskiya ne Baba, daga Sin yake, buhu mai kilo 25. Duk sanda dala ta motsa shi ma sai ya motsa.

Manomi, Danko-Wasagu:
Ni kuma ta nan nake kallo. In kamfani zai sayi rogo da rake da masara, mu alheri ne. Shekarar da rogo ya yi yawa, a gona muke barin sa don kuɗin mota ya fi kuɗinsa.

Uwar Biyu, Zuru:
Alheri gare ku masu sayarwa. Mu masu auna kwano fa? Ku tuna yadda masara ta yi tsada da masu kaji da kamfanoni suka shigo kasuwa suna kwashewa tun a gona. Yanzu a ce ga wani kuma yana saye don ya yi zaren riga. A yi gudun gara a faɗa gidan zago. Yaro ba ya cin nailon.

Mai Kaji, Jega:
Hajiya har da mu a laifin? Mu ma kuka muke yi da tsadar.

Manomi, Danko-Wasagu:
Hajiya, in manomi ya san akwai mai saye zai ƙara faɗin gona. Abin da ya hana mu noma ba rashin ƙasa ba ne, kin san abin da ya hana mu shiga daji.

Uwar Biyu, Zuru:
Na sani. Allah ya kawo mana zaman lafiya. Amma har ya zo, masarar da ke akwai ta tuwo ce.

Ƙanen Mai Kaji:
Ba dole sai hatsi ba. Ku dubi tsaunin ɓuntu da ke bayan injinan shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, da karan da ake ƙonewa a fadama. Akwai sukari a ɗaure a cikinsu.

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:
Akwai, ƙanena, amma kwance shi ne aikin. Sai an dafa da asid ko tururi, a zuba sinadarai masu tsada, ɓuntun shinkafa kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa sinadarin yashi ne, yana cin injin. Manyan kamfanoni a Amurka sun gina masana'antun yin man mota daga karan masara, suka rufe saboda lissafi bai fita ba.

Ni da za a tambaye ni, ba masara zan nuna ba. Zurma zan nuna.

Ɗan Fawa, Kamba:
Zurma dai cika-gida? Wadda ke fitowa a juji bayan mayanka?

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:
Ita. Nailon na shuka mafi tsufa daga man zurma ake yin sa, tun shekarun 1940 a Faransa. Sunan kasuwarsa Rilsan, kamfanin Arkema ke yin sa yanzu. Kusan kashi 90 cikin ɗari na man zurma wani asid ne guda da ba a samun sa da yawa haka a wani mai. Ana sarrafa shi ya zama wata doguwar amino asid mai kabon 11, ba irin ta abinci ba, ita kuma ta kama 'yan'uwanta ta zama nailon 11. Duk kabon ɗinsa na shuka ne. Ba ya shan ruwa sosai, mai ba ya cin sa, shi ya sa ake yin bututun mai da bututun iskar birkin manyan motoci da shi. Daga man zurma kuma ake samun asid mai kabon 10, in aka haɗa da kadabarin na laisin a samu nailon 5,10, shi ma na shuka ne gaba ɗaya.

Indiya ce ke noma mafi yawan zurmar duniya, musamman jihar Gujarat, wuri mai zafi da ƙarancin ruwa. Ba abinci ba ce, ba ta shiga kwanon Yaya.

Kafin wani ya tambaya: shi ma nailon 11 ba ya ruɓewa.

Manomi, Danko-Wasagu:
An taɓa zuwa mana da maganar zurma. Wasu mutane suka raba iri, suka ce za su dawo su saya. Muka noma, muka sussuka, buhuna suka shekara a zaure. Lambar wayarsu ta daina shiga. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sai na ga mai saye da sikelinsa kafin in sake ba ta ko kunya ɗaya.

Mai Kaji, Jega:
In an matse man, tunkuzar fa? Ko za ta shiga abincin kaji?

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:
Kul! Kada ka kuskura. Ƙwayar zurma tana da dafi mai suna risin, ba ya bin mai, a tunkuza yake zama. Zai kashe kaji da awaki, yara ma a hana su tauna ƙwayar. Taki ake yi da ita.

Bakatsine a Kabi:
To mun tashi da me? Leda ba nailon ba ce, na masara ba ya ruɓewa, mai ruɓewa ba ya kaɗuwa, zurma ba mai saye.

Ƙanen Mai Kaji:
Akwai abu ɗaya da ya shafi Baba kai tsaye. Nailon 6 yana da wata baiwa, ana iya warware sarƙarsa a mayar da shi sinadarin farko, a sake ƙulla shi sabo fil. Kamfanin Aquafil na Italiya yana karɓar tsofaffin ragar masunta da kafet yana yin haka a masana'antarsa ta ƙasar Sulobeniya, zaren ana kiran sa Econyl. Da tsohuwar raga tana da kuɗi ko kaɗan ne, kamar yadda gwangwani da ƙarfe suke da shi wajen 'yan jari-bola, ba wanda zai bar ta a bakin gulbi.

Baba Mai Homa, Argungu:
Wagga magana ta fi shiga kaina. Bayan ɗakina akwai tsohuwar raga ta kai buhu ukku, mata na ɗibar ta suna rufe barkono saboda kaji, wasu na yin soson wanka. In akwai mai auna ta da kilo, yaran Argungu da na Yawuri har nutso za su yi su ciro ta cikin ruwa.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Gusau:
Sai a tara ta kai cikin kwantena, a wanke, a ware nailon daga sauran roba, a kai Legas. Wa zai ɗauki kuɗin motar?

Manomi, Danko-Wasagu:
Masu zurma.

Uwar Biyu, Zuru:
Malama na yi gwajinki yanzu. Na yanko ledar burodi da zaren fatsar maigida na sa a kofi. Leda ta taso, amma zaren ma yana sama bai nutse ba.

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:
Siriri ne, fatar ruwa ce ta riƙe shi. Ɗiga ruwan sabulu kaɗan, ki danna shi ƙasa da cokali, ki sake shi.

Uwar Biyu, Zuru:
Ya nutse. Amma yanzu maigida na tambayar wa ya yanke masa fatsa.